Tafiyar Loma Ɗaya a Jikin Ɗan Adam

Bahaushe ya ɗora wa kalmar ciki kaya masu yawa. Da ita yake faɗin murna da ɓacin rai, ya ce farin ciki da baƙin ciki. Da ita yake siffanta mai riƙe sirri, ya ce yana da zurfin ciki. Idan tsoro ya kama shi kuma ya ce cikinsa ya ɗuri ruwa. Haka abin yake a wajen rashin lafiya. Wani zai dafe ƙasan ƙirji ya ce cikinsa ke ciwo, wani ya dafe cibiya, wani ya dafe mara, alhali abin da ke ƙarƙashin tafin kowannensu gaɓa ce daban mai aiki daban. Wannan dunƙulewa ce ta sa tumbi ya kwashe yabo da zargi gaba ɗaya, ana ganin shi ne tukunyar da abinci ke faɗawa ya zama ƙarfi. Tumbi kuwa zango ɗaya ne a kan hanya mai tsawon kusan mita tara daga baki zuwa dubura, kuma abincin da ke kan wannan hanya, ko da an haɗiye shi tun ɗazu, bai shiga jiki ba tukuna. Sai ya farfashe ya koma ƙananan sinadarai, ya ratsa bangon hanji ya faɗa cikin jini, sannan za a ce mutum ya ci moriyarsa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar rago ranar babbar salla a Sakkwato ya riga ya ga rabin darasin da idonsa. Idan aka farke cikin ragon aka juye kayan ciki a baho, za a ga tumbi a cike, da siririn hanji mai tsawo da ake warwarewa kamar igiyar guga, da wani gajere mai kauri, da hanta mai duhun ja, a jikinta kuma wata 'yar jaka koriya. A nan ne mai fiɗa yakan dakatar da yaron da ke taya shi, ya ce, "Kai yaro, bi ta sannu, kak ka hwashe matsarmama," domin ya san idan ta fashe ɗacinta zai ɓata hantar duka. Tsarin namu kusan haka yake, sai dai akwai bambanci guda babba. Tumbin rago ɗaki huɗu ne, saboda ciyawa yake ci, yana dawo da ita baki ya yi tuƙa, ƙananan halittun da ke babban ɗakin su ruɓar masa da ita. Namu ɗaki ɗaya ne, shi ya sa ba mu iya rayuwa da harawa, kuma shi ya sa muke dogara da turmi da injin niƙa da wuta su yi mana rabin aikin kafin abinci ya zo baki.

Aikin yana somawa tun ba a kai loma ba. Ƙamshin tsire a bakin titi bayan magariba ya isa ya tsinka wa mutum yawu, kuma a daidai wannan lokaci ƙwaƙwalwa ta riga ta aika wa tumbi saƙo ya fara tsatso da ruwansa. Masanin nan na ƙasar Rasha, Ivan Pavlov, ya shafe shekaru yana auna wannan abu a jikin karnuka, kuma binciken da ya yi kan narkewar abinci ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1904. Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun cika: na gaba suna gutsura, fiƙa tana yaga, turame suna niƙa. Yawu kuwa yana fitowa ne daga manyan maɓuɓɓugai shida, biyu a gaban kunnuwa, waɗanda su ne ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu a ƙarƙashin harshe, kuma a kullum sukan zubo da kimanin lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ban da jiƙa loma, yawu yana ɗauke da wani sinadari mai suna amiles da ke fara yanka sitaci ya mayar da shi sukari. Wanda ke son ya tabbatar, ya tauna gayan tuwon shinkafa na minti biyu ba tare da haɗiyewa ba, zai ji zaƙi-zaƙi ya fara fitowa. Mu masu cin tuwo da miyar kuka ba mu cika tauna ba. Loma ake dunƙulawa a tsoma a haɗiye, yauƙi ya raka ta. Ga tuwo wannan ba wani babban laifi ba ne, tunda an riga an niƙa an tuƙa, kuma akwai wani amiles ɗin yana jira a gaba. Kilishi da gyaɗa da aya ne rashin tauna su ke bar wa tumbi aikin da ba shi da haƙoran yi.

A maƙogwaro hanyoyi biyu suka haɗu, ta iska a gaba, ta abinci a bayanta. Duk lokacin haɗiya sai maƙogwaro ya ɗaga sama, wani ɗan murfi na guringuntsi ya rufe hanyar iska, numfashi ya dakata na ɗan lokaci. Idan dariya ko surutu suka kawo saɓani a wannan tsari sai mutum ya ƙware, don haka hanin da iyaye ke yi wa yara magana da abinci a baki yana da tushe. Daga nan loma take shiga bututun abinci mai tsawon kimanin santimita 25, kuma ba faɗawa take yi kamar dutse a rijiya ba. Tsokokin bututun ne ke matse ta daga baya suna sakar mata gaba, daidai yadda mai wanke hanjin rago ke tatso abin da ke ciki da yatsu biyu. Wannan motsi ne ya sa raƙumi ke iya shan ruwa kansa a ƙasa ruwan yana hawa, kuma shi ne zai ci gaba da tura abincin har ƙarshen hanya, ko mutum yana barci.

Inda bututun ya haɗu da tumbi akwai zoben tsoka da ke tsuke bakin kamar mazagin wando. Idan ya yi sako-sako, ruwan tumbi ya taso sama, sai a ji zafi yana hawa ƙirji har maƙogwaro, wato ƙwarnafi. Kwanciya nan take bayan cin abinci, kamar yadda da yawa ke yi bayan sahur, da cika ciki fiye da kima, da teɓa, da juna biyu, duk suna sauƙaƙa wa ruwan tasowa. Goro da shayi mai kauri kuma suna ƙara yawansa. Tsofaffi kan jiƙa kanwa su sha, su yi gyatsa su ji sauƙi, kuma ba camfi ba ne, domin kanwa tana kashe kaifin asid da gaske. Illarta ita ce gishirin da ke cikinta yana da yawa, mai hawan jini ko ciwon zuciya da ya mayar da ita abin sha kullum yana gyara wuri ɗaya yana ɓata wani.

Shi tumbin yana sama ne ta ɓangaren hagu, rabinsa a ɓoye ƙarƙashin haƙarƙari, nesa da cibiyar da ake yawan nunawa. Idan babu komai a cikinsa ƙaramar jaka ce a takure, amma yakan buɗe ya ɗauki lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da wahala ba, ya kuma wuce haka idan aka matsa masa. Hadisin da ya raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, ya dace da yadda gaɓoɓin suke a jere, domin tumbi a ƙarƙashin tantanin numfashi yake, idan ya cika ya batse sai ya tokare shi. Bangonsa tsoka ce hawa uku, kowane hawa da inda ya fuskanta, suna murza abinci suna dama shi da ruwan asid da wani sinadari mai suna fefsin da ke fara warware furotin na nama da wake da ƙwai. Asid ɗin yana da kaifin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci. Bayan awa biyu zuwa huɗu abin da aka ci ya koma kamar kunu mai kauri, sai ƙofar ƙasa ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Ruwa da koko suna wucewa da wuri, nama mai kitse yana daɗewa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Mali ya nuna cewa tuwon gero da na dawa sun fi shinkafa da taliya daɗewa a tumbi, abin da manomi ya riga ya sani tun da yake zaɓen abin da zai riƙe masa ciki kafin ya tafi gona.

Yawancin wannan sani ya samo asali ne daga wani haɗari. A 1822, a wani tsibiri da ke arewacin Amurka, bindiga ta tashi ta huda wani matashi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin a gefen ciki. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa ya rayu, amma ramin bai rufe ba, ya warke ya bar ƙofa daga waje har cikin tumbi. Beaumont ya riƙa ɗaure guntun nama ko burodi da zare yana zura shi ta ramin, bayan awa ɗaya ko biyu ya jawo ya duba, ya kuma ɗebi ruwan tumbin ya zuba a kwalba ya ga yana narkar da nama ko a waje. Ya lura har da cewa idan ran mutumin ya ɓaci narkewar takan yi jinkiri. Ya wallafa sakamakon a 1833.

Tambayar da ta biyo baya ita ce abin da ya hana tumbi narkar da kansa, tunda shi ma nama ne. Amsar tana cikin wani yauƙi mai kauri da ya shafe bangonsa, wanda ke riƙe da sinadari mai kashe kaifin asid, ɗan'uwan kanwa, ga kuma fatar cikin tumbin da ke sabuntawa duk bayan 'yan kwanaki. Gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, yana samuwa ne idan wannan garkuwa ta huje. A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin abin da yawancinmu muka riƙa a kan wannan ciwo yana da gyara. Ana cewa yunwa ce ke kawo olsa, ko barkono, ko yawan tunani, kuma su kansu likitocin duniya sun daɗe a kan irin wannan fahimta. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka tabbatar da wata ƙwayar bakteriya mai siffa a murɗe tana zaune ƙarƙashin yauƙin tumbi, wurin da aka ɗauka babu mai iya rayuwa. Abokan aikinsu ba su gamsu ba, har a 1984 Marshall ya shanye ruwan da aka raini ƙwayar a ciki, bayan 'yan kwanaki ya fara amai, aka leƙa tumbinsa aka tarar bangon ya kumbura. An ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar, wadda ake kira Helikobakta failori, takan shiga mutum tun yana yaro, ta yawu ko ta gurɓataccen ruwa da abinci, kuma kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, ko da yake mafi yawansu ba za su taɓa yin gyambo ba.

Sababi na biyu yana sayuwa ne a kanti. Ɗan dakon da ya wuni yana sauke buhunan albasa a kasuwa, ko ɗan acaɓan da bayansa ya ƙage, yakan biya da dare ya karɓi ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙulle a leda da sunan maganin gajiya, ya kora da ruwa ciki babu komai, gobe ma haka. A cikin irin wannan haɗi sau da yawa akwai asfirin ko ibufurofen ko dikulofenak, kuma waɗannan magunguna suna kashe ciwo ne ta hanyar toshe wani sinadari wanda shi ne kuma ke umartar tumbi ya yi yauƙinsa. Yunwa da barkono fama gyambo suke yi, ba su suka haƙa shi ba. Bambancin yana da muhimmanci, domin wanda ya yarda yunwa ce sila zai shekara goma yana yawo da biskit da madara a aljihu, alhali idan gwaji ya nuna ƙwayar ce, maganin kwana goma zuwa sha huɗu, wanda ya haɗa masu kashe bakteriya da mai rage asid, yakan raba shi da ciwon. Ita madarar ma sanyaya wurin take yi na ɗan lokaci, daga baya ta sa asid ya ƙaru.

Babban aikin yana cikin ƙaramin hanji, wanda aka kira ƙarami saboda sirantarsa, alhali tsawonsa ya kai kimanin mita shida. Santimita 25 na farkonsa su ne mahaɗar da ruwa biyu ke shigowa. Na farko daga wata gaɓa ce mai laushi da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ruwanta yana kashe asid ɗin da ya biyo abinci, yana kuma ɗauke da sinadaran da ke yanka sitaci da furotin da kitse, kowanne da nasa, kamar makulli da ƙofarsa. Ita ce kuma ke zuba insulin a cikin jini, don haka labarinta ya haɗu da na ciwon sukari. Yadda take sanin lokacin sakin ruwan ya ba masana mamaki, har a 1902 William Bayliss da Ernest Starling suka gano a Landan cewa bangon hanji ne, da ya ji asid, yake sakin wani sinadari a jini ya je ya sanar da ita. Wannan shi ne manzo na farko da aka gano daga cikin sinadaran saƙo da yanzu ake kira homon.

Ruwa na biyu shi ne ɗacin nan da mai fiɗa ke tsoro. Hanta ce ke yin sa, rabin lita zuwa lita ɗaya a kullum, matsarmama ajiya kawai take yi tana kaurara shi, idan abinci mai maiƙo ya iso ta matse ta feso. Aikinsa irin na sabulu ne a kwanon da aka ci miyar manja: yana tarwatsa kitse ya koma ƙananan ɗigo yadda sinadaran fankiriyas za su iya kama shi. Launinsa daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini yake, waɗanda ke mutuwa bayan kimanin kwana 120, kuma shi ne ke ba bayan gida launinsa. Idan hanta ta gaza, ko tsakuwa ta toshe hanyar, ko jini yana fashewa da yawa kamar yadda yake ga masu sikila, launin sai ya taru a jiki ido ya yi ɗorawa, a ce shawara. Ke nan shawara alama ce mai sababi fiye da ɗaya, jiƙo guda ba zai dace da dukansu ba. Wanda aka cire wa matsarmama kuwa yana ci gaba da rayuwarsa, tunda masana'antar tana nan, rumbun ne kawai aka ɗauke.

Cikin bangon ƙaramin hanji a ninke yake, kuma a lulluɓe da miliyoyin 'yan tsiraru kamar gashin tawul, kowanne bai wuce milimita ɗaya ba, a kan kowanne kuma akwai wasu da ido ba ya gani. Da za a shimfiɗe su duka, faɗin zai kai kimanin murabba'in mita 30, wato kusan ɗakuna biyu matsakaita. A nan ne loma take ƙetarawa: sukari da gutsattsarin furotin da gishiri da bitamin su shiga jijiyoyin jini, kitse kuma ya bi wata hanya ta daban mai ɗauke da farin ruwa kafin ya haɗu da jini a kusa da wuya.

A kan waɗannan tsiraru akwai sinadarin da ke raba sukarin madara, kuma labarinsa ya shafe mu kai tsaye. Kowane jariri yana da shi, amma ga mafi yawan mutanen duniya yana raguwa bayan yaye, shi ya sa babba zai sha ɗanyar madara cikinsa ya kumbura ya yi ta ƙugi, wani ma har da gudawa. Al'ummomin da suka yi dubban shekaru suna kiwo, irin Fulani da mutanen arewacin Turai, da yawansu sun gaji riƙe sinadarin har tsufa. A gari kamar Sakkwato, inda jini ya cakuɗa, za a samu gida ɗaya wani yana shan madara lafiya, ɗan'uwansa ba ya iyawa. Nono da kindirmo sun fi sauƙi ga kowa, domin bakteriyar da ta tsamar da su ta riga ta cinye wani ɓangare na sukarin tun a ƙwarya.

Akwai wani lissafi da ke bayyana dalilin da gudawa ke kisa. Tsakanin abin da aka sha da ruwan da gaɓoɓi ke zubowa, kimanin lita tara ne ke bi ta hanji a kullum, jiki ya sake tsotse kusan duka, abin da ke fita a bayan gida bai wuce cikin ƙaramin kofin shayi ba. Dafin ƙwayar kwalara yana juya wannan tsari, hanji ya koma zubar da ruwa, har mai tsananin ciwon ya iya rasa lita guda a awa ɗaya. Amma akwai wata ƙofa a bangon hanji da dafin ba ya rufewa, wadda ba ta buɗewa sai sukari da gishiri sun zo tare, idan sun shiga kuma ruwa ya bi su. Wani masani Ba'amurke mai suna Robert Crane ne ya bayyana ta a 1960. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare, sai likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari ana ba marasa lafiya su sha, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Awon gida shi ne lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko da yake ƙunshin da ake bayarwa a asibiti ya fi daidaito. Zuba sukari fiye da awo yana janyo ruwa zuwa hanji ya ƙara gudawar, shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. Uwar da ta hana yaro ruwa don kada zawon ya ƙaru, da kyakkyawar niyya take yi, amma ta toshe hanyar tsira ce.

Jinin da ya kwaso abinci daga hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye. Wata babbar jijiya ce ke tattara shi ta kai hanta, kamar yadda motar kaya daga Ƙonni ba ta shigowa sai ta tsaya wajen kwastan a Illela. Hanta, mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, tana karɓar kimanin rubu'in jinin da zuciya ke bugawa, saboda haka mai cewa wane da wane kamar hanta da jini bai yi kuskuren misali ba. Tana tace guba, tana ƙera furotin ɗin da ke sa jini ya daskare a rauni, tana kuma ajiye rarar sukari, kimanin giram 100, ta riƙa sakinsa a hankali. Da wannan ajiya mai azumi ke kai wa la'asar a zafin watan Afrilu, idan ta yi ƙasa jiki ya juya ga kitse. Dabinon buɗa-baki kuma yana saurin dawo da ƙarfi ne saboda sukarinsa ba ya buƙatar dogon yanka. Kasancewarta mai tsaron ƙofa ya sa ita ke fara shan wuyar duk abin da aka haɗiya, giya ce, ko farasitamol da ya wuce kima, ko jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba, ko gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna.

Shi kuwa ƙugin da ciki ke yi idan ya daɗe babu komai, shara ce. Kusan duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu wani motsi mai ƙarfi yakan taso daga tumbi ya bi hanji yana kore saura. Hanji yana da jijiyoyin saƙo nasa fiye da miliyan ɗari, suna gudanar da irin wannan aiki ba tare da jiran umarni ba, suna kuma musayar labari da ƙwaƙwalwa, wanda ya sa ɗalibi kan nemi makewayi ana dab da shiga jarrabawa.

Abin da ya rage yana shiga babban hanji, mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi, wanda ya fara daga ƙasan ciki ta dama, inda ɗan wutsiyar nan afendiks yake, ya hau sama, ya gitta, ya sauko ta hagu. Yana tsotse sauran ruwa, kuma gida ne ga bakteriya tiriliyoyi, adadin da ya yi kusa da na ƙwayoyin halittar jikin mutum kansa. Su ne ke cin dusar hatsi da ɓawon wake da zaren zogale da rama waɗanda sinadaranmu suka kasa, su samar da abin da bangon hanjin ke ci da kuma bitamin K. Iskar da ke biyo bayan cin wake aikinsu ce. Maganin kashe bakteriya da ake sha barkatai ba ya bambance su da masu cuta, shi ya sa gudawa kan biyo bayansa.

Idan dusa ta yi ƙaranci a abinci, ruwa kuma ya yi kaɗan a garin da zafi ke haura digiri 40, babban hanji sai ya matse ragowar ta bushe, a yi ta yunƙuri, jijiyoyin dubura su kumbura, basir ya samu. Matsalar tsohuwa ce a ƙasar nan, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, a cikin rubuce-rubucensa na magani ya taɓo basir da kuma amfani da filasko wajen wanke ciki. Filasko yana aiki ne ta hanyar zaburar da tsokar babban hanji, kuma har yau ana sarrafa danginsa a magungunan asibiti, sai dai na ɗan lokaci ne. Abin da ke damuna shi ne yadda sunan basir ya zama bargo, ana lulluɓa shi a kan ciwon baya da kasala da duk wani jini da aka gani. Jini a bayan gida ga wanda ya haura shekara arba'in, musamman tare da rama ko canjin yadda yake fita, yana iya zama ciwon daji na hanji. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta kuma alama ce ta gyambo yana zubar da jini daga sama. Irin waɗannan aikin likita ne, ya duba da na'ura mai kyamara, kuma ba a bambance su da basir ta hanyar bayanin baki a tasha.

Tafiyar gaba ɗaya takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, kuma mafi yawan lokacin a babban hanji ake cinye shi. Fita sau uku a rana ko sau uku a mako duk suna cikin abin da likitoci ke ɗauka daidai, matuƙar babu wahala. Abin da ke fitar kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, sauran kuma bakteriya ne da dusa da matattun ƙwayoyin bangon hanji. Uwar da ta ba yaro dafaffiyar masara ranar Talata da yamma, ta ga ɓawonta a fo ranar Laraba ko Alhamis, ta auna tsawon tafiyar da kanta.